Ƙarin Ƙwaƙwalwa a Yara: Ɗaliban Hausa, Ina Gudummawarmu?

Wani yaron maƙwabtanmu ɗan shekara 6 ya yi watanni yana tashi da ciwon kai da amai da sassafe. Tafiyarsa ta koma tangaɗi, idonsa ɗaya ya karkace. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Ko da aka ɗauki hoton kansa a asibiti, sai likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma an makara. Allah Ya jiƙansa.

Bayan sankarar jini, wannan ce cutar dajin da ta fi kama yara. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin ceto kashi 60 cikin 100 na yara masu daji zuwa 2030. A ƙasashe masu arziki ana ceto fiye da kashi 80.

A ganina, ya kamata TETFund ta ware kuɗin bincike musamman don wannan cuta. Mu kuma ɗaliban harshe, mu zauna da likitoci mu tsara alamominta cikin Hausar da uwa a ƙauye za ta gane, mu kai gidajen rediyo. Ranar 15 ga Fabrairu ce ranar yara masu daji ta duniya. Mu fara shiri tun yanzu.