Bindigar Roba Ba Ita Ce Atisayen Da Yaranmu Ke Buƙata Ba

Uwargida, idan ɗanki ya shigo da bindigar roba mai harba ƙananan ƙwallaye yana cewa atisaye yake yi, ki tsaya ki duba. A Japan da Amurka masu wasan airsoft na yawan gwada harbi, kuma yana ƙara musu saiti, amma ba sa shiga fili sai da tabarau na kariya, domin ƙwallon milimita 6 na iya lalata ido. Yaranmu kuwa a lungu suke harbin juna, ido ba kariya. A Batsari da Safana, maƙwabtan dajin Rugu, akwai wani haɗarin: cikin dare ba mai iya bambance bindigar wasa da ta gaske.

Atisaye dai yana da amfani. Shi ya sa aka horas da matasan Community Watch Corps kafin Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da su a Oktoba 2023. Idan firgici ya zo, abin da jiki ya saba da shi kaɗai mutum ke iya yi.

Saboda haka ga atisayen gida. Idan aka ji harbi, kowa ya kwanta ƙasa. A san wa zai goya auta, da inda za a haɗu idan an rabu. Ki koya wa manyan yara danne rauni da tsabtataccen zane da ƙarfi, ba ɗagawa a leƙa, har a kai asibiti. Ku maimaita duk wata.

Ke yaya kika tsara naki gidan? Faɗa mana a ƙasa. Allah Ya tsare mana zuri'a.