Ɗinki ko Liƙi? Hasken Lesa da Makomar Zaren Tiyata a Jigawa

Da tiyata ta shigo ƙasar Hausa, Bahaushe bai wahalar da kansa wajen neman sunan rufe rauni ba. Ya ga allura da zare a hannun likita, sai ya ari kalmar maɗinka ya ce “ɗinki”. Har yau a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tambayar masu jinya ba ta wuce “yaushe za a cire zare?” Kalmar ta zauna daram domin ta yi daidai da abin da ido ke gani. Sai dai an daɗe ana gwada wata dabara ta haɗe bakin rauni da hasken lesa, kuma tana neman suna a Hausa. Matsayar wannan maƙala ita ce, sunan da za a raɗa mata da irin fatar da za a gwada ta a kai sun fi gaggawa ga Jigawa a kan sayen na'urar kanta.

Theodore Maiman ne ya ƙera lesa ta farko a Amurka a 1960, kuma a 1979 Jain da Gorisch suka ba da rahoton gyara ƙananan jijiyoyin jinin ɓera da haskenta. Fatar mutum tana ɗauke da wani furotin mai kama da zaruruwa, wato kolajin. Idan zafi ya kai ma'auni 60 zuwa 65 a ma'aunin salshiyos, zaruruwan sukan warware, su sarƙe da na ɗaya gefen raunin, su kama juna. Sau da yawa akan shafa ruwan furotin na albumin a bakin raunin don ƙarfafa kamun. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna 'yar kaɗan ce: zafi ya gaza, rauni ya buɗe, ya zarce, nama ya ƙone. Wannan ne ya sa Abraham Katzir na Jami'ar Tel Aviv ya haɗa lesa da na'urar auna zafin fata nan take, haka kuma ayarin Inge Herrmann a Suwizalan ya zuba ƙananan ƙwayoyi masu nuna zafi a cikin abin liƙin kansa. A Boston kuwa, Irene Kochevar da Robert Redmond sun bi wata hanya da ba ta dogara da zafi ba: a shafa wani jan rini, a haska shi da koren haske, zaruruwan su ƙulle.

Alfanun da ake fata a bayyane yake. Kowane sukan allura sabon rauni ne, zare kuma baƙon abu ne da ƙwayoyin cuta ke iya maƙalewa a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa kusan kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi raunukansu kan harbu, kuma a Afirka adadin yakan kai kashi 20 ga matan da aka ciro wa jariri ta hanyar aiki. Ga matar da ta fito daga wani ƙauye na Kiyawa ko Miga, komawa asibiti cire zare kuɗin mota ne da asarar yini guda.

To amma bayan fiye da shekara arba'in ana gwaji, zare bai gushe ba ko a manyan asibitocin Turai. Ko a gwajin Boston da aka buga sakamakonsa a 2012, sai da aka ɗinke naman ciki da zare, saman fata kaɗai aka bar wa haske. Wannan batu yana da nauyi ga tsakiyar Jigawa. Aikin da ke ceton rai a Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki tun 2008, shi ne tiyatar haihuwa da gyaran yoyon fitsari. A tiyatar haihuwa sai an ɗinke mahaifa, an ɗinke shimfiɗar da ke riƙe tsokar ciki, kafin a zo kan fata. Gyaran yoyon fitsari kuwa aiki ne a cikin lungu mai danshi, inda ƙwarewar hannu da ingancin zare ke yanke hukunci. Lesa, a yadda take a yau, kan shafi na ƙarshe ne kuma mafi sauƙi take neman gurbi, alhali a can ma akwai gam ɗin fata da aka amince da shi a Amurka tun 1998, wanda ba ya buƙatar lantarki ko janareto.

Akwai kuma maganar launin fata, wadda ba kasafai ake tayar da ita ba. Sinadarin melanin da ke sa fata duhu yana shanye haske, musamman kore da makamantansa, ya mayar da shi zafi. Ma'aunin hasken da ya yi wa farar fata daidai yana iya ƙona baƙa, ga shi kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da likitoci ke kira kiloyid. An ga irin wannan a wata na'urar: binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta fi kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku. Don haka rawar da ta dace da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da asibitin koyarwarta, ita ce neman shiga sahun masu gwaji bisa ƙa'idojin bincike, maimakon jiran a gama a kawo musu a kwali.

A nan ne manazarta Hausa ke da aiki. Babu gwaji sai da yardar majinyaci, babu kuma yarda sai da fahimta. Idan aka bar 'yan talla suka fassara abin da “aiki ba ɗinki”, an yi wa jama'a ƙarya a fakaice, tunda akwai ɗinki a ciki. Illar ba za ta tsaya nan ba: macen da ta ji ana yin “aiki ba ɗinki” a wani wuri tana iya jinkirta amincewa da tiyatar da ke gabanta, a yankin da dama tsoron wuƙar likita ke sa a makara da naƙuda a gida. “Walda” ta yi kusa da ma'anar Turancin, amma tana kawo hoton tartsatsi da ƙarfe, ba kuwa mai miƙa cikinsa ga mai walda. “Ƙuna” ta fi muni. “Liƙin fata da haske” ya fi kusa da gaskiya, domin ya ambaci fata a fili, ya kuma nuna kamun na buƙatar lallaɓawa. Abin sha'awa ma, “sinadari” da ake amfani da ita yau a kimiyya, tun asali sunan abin da maƙeran fari ke liƙa ƙarfe da shi ne. Ashe harshen ya riga ya tanadi sunan ruwan albumin ɗin.

Cibiyar binciken harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da gogewar zama da masu sana'a don daidaita kalmomi. Zaman da ake buƙata yanzu ya haɗa likitocin tiyata na Dutse da ungozomomin Jahun da wanzamai, waɗanda ke da tsofaffin kalmomin yanka da warkewa, a fitar da takardar neman yarda da Hausa, a karanta wa masu jinya ita, a ji abin da suka fahimta kafin a buga ta.