Da wane harshe ɗalibin Tasawa zai fahimci tarihin duniya?

Idan lokacin jarrabawar bakaloriya ya ƙarato, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun Tasawa da Mayahi sukan duƙufa kan haddar darussan tarihi: yaƙin duniya na biyu, kafuwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, da fafutukar neman ƴancin kai. Da yawa suna iya zayyano shafi guda na Faransanci ba tuntuɓe, amma da zarar mai tambaya ya sauya kalmomin tambayar, sai alƙalami ya tsaya cak. Hadda ce ba fahimta.

Jarrabawa da Faransanci ake rubuta ta, wannan ba gardama. Bita kuwa babu dokar da ta hana a yi ta da Hausa, balle yanzu da kundin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ɗalibin da ya iya bayyana wa ƙanensa taron Balin na 1884 zuwa 1885 da harshen gida, shi ne zai iya rubuta shi da kowane harshe. Kuma darasin ba nesa yake ba. A Dankori aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli 1899, kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi, duk a ƙasar Tasawa. Rabon Afirka da aka yi a kan teburin Turawa, nan ya zo ya zubar da jini.

Sai dai a nan nauyi ya faɗo kan masu nazarin harshe, domin kalmomin da ake da su ba duka suka dace ba. "Mulkin mallaka" ta yi daidai, ta ma fi ta Faransanci fito da ma'ana fili. "Yaƙin cacar baka" kuwa, wadda gidajen rediyo suka yaɗa, tana iya ɓatar da yaro: zai ɗauka Amurka da Tarayyar Sobiyet zage-zage kawai suka yi, alhali an yi ta kashe-kashe a Koriya da Biyetnam da Angola. Wanda ya yi bita da wannan kalma ba tare da bayani ba, ya fahimci darasin a karkace.

Tun 1964 Abdu Mumuni ya yi kira a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Abin da malamin tarihi a Mayahi yake buƙata bana bai kai girman wannan buri ba: ɗan ƙamus na kalmomin da ke cikin manhajar ajin ƙarshe, an tantance kowace, an haɗa ta da misali. Aiki ne da ɗaliban sashen harsuna da malaman tarihi za su iya gamawa cikin hutu guda.