In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

'Yan'uwana ɗalibai, duk sa'ad da aka tayar da zancen kayan tarihi, sai mu miƙe mu yi ta la'antar Turawa. Lalle sun cancanci zargi. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, aka watsa su a gidajen tarihin Turai da Amurka. Sai a 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000 da ke hannunta. To, wannan da bindiga aka ƙwace. Amma abin da ke fita yanzu fa, wa ke fitar da shi?

Mu ne, ba kowa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Dillali yakan bi ƙauyuka yana cigiyar tsohon kaya: takobi, da akushi, da tandu, da riga mai aska takwas, da gafaka cike da takardun ajami. Magada su miƙa masa a kan kuɗin da ba su kai na tunkiya ba, har suna yi masa dariya wai ya sayi shara. Abin da ya tsere wa dillali kuwa sai ya faɗa hannun 'yan gwangwan, a auna tasar tagulla a sikeli, a narke ta. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami!

Masu tara irin waɗannan kaya sukan ce ai taimako suke yi, don da an bar su a hannunmu da gara ta cinye. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma hujjar gurguwa ce. Darajar tsohon abu ba a tsufansa kaɗai take ba, tana cikin labarinsa ne: wa ya ƙera shi, a wane gari, wa ya yi amfani da shi. Takobin da aka san maƙerinsa da yaƙin da ya je, shaida ne. Wanda aka rataye a falon attajiri ba asali, ƙarfe ne kawai.

Ku dubi abin da ya sami Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. Daga 1943 Bernard Fagg ya shiga nazarinsu, har aka gane sun wuce shekara 2,000. Da kasuwarsu ta buɗe a Turai, sai 'yan gida suka shiga haƙa a ɓoye. Mai binciken kufai kuwa yana gane shekarun abu ne ta wurin ƙasar da ya kwanta ciki, da gawayi da katangar tukwanen da ke gefensa. In aka birkita ramin, an yage shafin ke nan har abada. A 2000 gidan tarihin Louvre na Paris ya baje waɗansu kayan Nok da Faransa ta saya, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Bafaranshe ya biya, gaskiya ne, amma hannun wa ya riƙe diga?

Saboda haka, jama'a, mu daina kuka mu kama aiki. In an yi hutu, kowa ya tafi gida da littafi da alƙalami. Ya zauna gaban Kaka ya tambaye ta labarin akushin nan da aninin nan mai huda, ya rubuta tun tana da rai. Abin da gida zai iya adanawa, a adana shi tare da labarinsa. Wanda ya fi ƙarfin gida, ga Gidan Makama a Kano, ga gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Takardu kuma ga Arewa House a Kaduna, wadda aka kafa a 1970.

Ba ma ƙin mai tara kayan da, muddin zai tara su da asalinsu. Wanda muke ƙi shi ne mai raba abu da tarihinsa, da ɗan gidan da ya buɗe masa ƙofa. In ba mu farka ba, jikokinmu sai sun nemi biza kafin su ga rigar kakansu. Allah ya kiyaye, amin.