A Ceto Sana'ar Masu Zoɓo Da Kunun Aya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi tsokaci a kan wata sana'a da ke mutuwa a hankali a nan Haɗeja da kewaye, wato sana'ar matan da ke dafa zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi suna ba yara ko masu kanti su sayar.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda ta sukari da citta da kanumfari, saboda haka waɗannan mata abokan cinikina ne. Wadda a da take ɗaukar kwanon sukari ta biya nan take, yau sai ta auni rabi, shi ma bashi. Wasu kuwa sun kife tukunya gaba ɗaya. A unguwarmu akwai gwauraye da da wannan sana'a suke ciyar da marayu, su biya kuɗin makaranta, har su yi wa 'ya kayan ɗaki.

Ba mu kaɗai ba ne. Ko a Amurka, ƙananan gidajen haɗa giya masu zaman kansu da suka rufe a 2024 sun fi waɗanda aka buɗe yawa. Mu nan Jigawa ba ruwanmu da giya, amma ciwon ɗaya ne: kuɗin aiki ya hau, mai saye ba shi da ƙarfi, babban kamfani kuma yana gefe.

Na farko shi ne fetur. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ta wuce 1,000. To ai aya sai an kai ta inji, injin markaɗe kuwa mai yake sha. Ƙanƙara ma haka, domin in babu wutar lantarki sai janareto. Kunun aya kuma ba ya kwana. In bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya yi tsami a zafin Haɗeja, uwa da riba sun tafi ke nan.

Na biyu shi ne kayan haɗi. Sukarinmu yawancinsa daga waje ake shigo da ɗanyensa, don haka da naira ta faɗi a 2023 sai ya tashi. Zoɓo kuwa Jigawa na cikin manyan masu noma shi a ƙasar nan, amma dillalai na bin kasuwanni irin su Maigatari suna kwashe shi don a kai ƙasashen waje kamar Meziko. A matsayina na manomi ina murna in ya yi daraja. Sai dai abin da ya yi wa manomi daɗi, shi ya hana mai tukunya barci. Ga kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka cinye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogi, mutane da yawa har yau ba su gama farfaɗowa ba, balle su sayi abin sanyaya maƙogwaro.

Na uku, kuma shi ne babba, mai zoɓo ba ta da ikon ƙara kuɗi. Da ta ƙara, sai mai saye ya ce gara ya cika ya sha lemon kwalba. Kamfani yana sayen sukari tirela-tirela, yana da motocin rabo, ya kan ajiye wa mai kanti firji, kayansa kuma su yi watanni ba su lalace ba. Ita kuwa dole ta rage sukari ko ta ƙara ruwa, daga nan sai a ce abinta ya lalace, a guje ta.

Su ma matan akwai gyara a wajensu. Zuba zoɓo a tsofaffin gorunan roba da yara suka tsinto ba tare da wanki mai kyau ba yana korar masu saye, yana kuma iya jawo cuta.

Shawarata ita ce su haɗa kai unguwa-unguwa. Adashen da suke yi a mayar da shi na sayen buhun sukari tare, da sayen zoɓo da kaka lokacin da yake araha a ajiye. Ƙananan hukumomi da masu hali su taimaka wa irin waɗannan ƙungiyoyi da firji mai amfani da hasken rana, ko da bashi ne a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan lafiya su koya musu tsabtar gora maimakon kora da tara. Mu kuma magidanta, in za a yi suna ko biki ko buɗa-baki da azumi, mu ba maƙwabciya aikin zoɓo. Kuɗin da aka ba ta a unguwa yake kwana, ya je wa mai inji da mai itace da manomi.

Allah ya sa masu abin su ji.

Wassalam, naku,
Manomi mai 'yar tireda,
Haɗeja, Jihar Jigawa.