Tsakanin 127 da 128: Laifin Java Ne

A harshen Java, ka ajiye 127 a wurare biyu masu nau'in Integer, ka gwada su da alamar ==, kwamfuta za ta ce daidai suke. Mayar da su 128, ta ce sam. Masu kare Java sukan ce sakacin mai rubutu ne, wai da ya yi amfani da equals da bai faɗa ramin ba. Wannan hanzari bai gamsar da ni ba, domin harshen ne ya haƙa ramin, ya kuma rufe bakinsa.

Tun fitowar Java 5 a 2004, harshen ke naɗe lamba tsura, wato int, cikin ƙunshin Integer ba tare da sanarwa ba. Alamar == kuwa, in ta tarar da ƙunshi biyu, ba ta leƙa cikinsu, tambayarta kawai ko ƙunshin guda ne. Ƙa'idar harshen ta wajabta tanadin ƙunshi ɗaya tak ga kowace lamba daga -128 zuwa 127. Daga nan sama, galibi sabo ake ƙerawa kowane karo.

Da kuskuren kullum yake bayyana, da an kama shi ranar farko. Amma mai gwaji da 1 ko 10 yake gwadawa, komai lafiya lau. Sai manhaja ta shiga hannun jama'a, lambar rasit ta haura 127, lissafi ya karkace shiru. Idan kuma babu ƙunshin ma, wato null, yunƙurin kwance shi a ɓoye kan kifar da manhajar da NullPointerException, a layin da ido bai ga abin zargi ba.