Sanarwar Bayan Taron Direbobin Tifa Masu Jigilar Yashi da Burji a Kano

Bayan sallar la'asar ranar Lahadi, direbobin tifa, yaran mota da wakilan 'yan lodi sun zauna a tasharmu. An buɗe da addu'a ga 'yan'uwanmu da suka rasu a kan hanya da waɗanda ramin ƙasa ya rufta da su. Allah Ya jiƙansu.

Maganar da ta cinye yawancin lokacin taron ita ce biyan direba da sahu. A yau abin da direba zai kai gida ya dogara ne da sau nawa ya je Challawa ko Wudil ya dawo. Ranar da taya ta fashe ko layin lodi ya yi tsawo, shi da iyalinsa ke kwana da asarar, mai mota kuwa balas ɗinsa yake jira. Wannan ne ke sa mutum ya fito kafin asuba, ya taka wuta da mota cike da jiƙaƙƙen yashi, alhali ya san birki ba zai kama nan take ba. Jama'a na cewa direban tifa ba ya ganin mutane. Wasunmu sun ja mana wannan suna, ba mu musa ba, amma a duba abin da ke koro shi daga baya. Taron ya roƙi iyayen gidanmu masu motoci su yanka wa direba albashin wata, kuɗin sahu ya zama ƙari a kai.

An kuma koka da tsadar gas da kayan gyara. Mafi yawan motocinmu Howo ne da tsofaffin Marsandi, kayansu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin taya da batir da man jak suka yi sama. Mai gini yana ganin mu muka ƙara wa yashi kuɗi.

Kan abin da ke hannunmu, taron ya yanke cewa ba motar da za ta bar wurin lodi ba tare da an rufe ta da tamfol ba, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa gilashin na baya ko ta makantar da mai babur. Direban da ya ba yaron mota marar lasisi tuƙi a cikin gari, za a dakatar da shi daga layi. Haka wanda aka kama da ƙwaya. Ƙungiyarmu ba za ta je belinsa ba. Na'urar rage gudu da hukumar FRSC ta tilasta tun 2017, a gyara ta, a daina cire ta.

Da damina kuma, ba haƙa a ƙarƙashin gaɓa, ko mai rami ya ce ba komai.

Taron ya roƙi gwamnati ta haɗe kuɗaɗen da ake karɓa a hanya su zama rasiti ɗaya na yini. An naɗa dattawa uku su gana da masu motoci, su kawo amsa a zama na gaba.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare